Yadda Ake Tsara Ƙofar Dogon Barci da Farkawa Tsakanin Kanel da Manhaja a Linux

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Yamai yake haura digiri 40 kuma kowane gida ya kunna fanka, ɗauke wuta ya zama ruwan dare. Yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da ƙananan ofisoshi na hannu ne, batirinsu ya riga ya gaji. Gyangyaɗi, wato matakin da ACPI, ƙa'idar sarrafa wutar kwamfuta, ta kira S3, ba ya ceton irin waɗannan, domin RAM tana ci gaba da shan wuta, kuma da batir ya mutu duk aikin da ke buɗe ya tafi. Dogon barci, S4, shi ne yake kwashe abin da ke cikin RAM ya rubuta a diski, injin ya mutu murus, in an kunna ya ɗora daga inda ya tsaya.

Linux yana da hanya biyu ta yin wannan. A ta farko ka rubuta kalmar disk a cikin /sys/power/state, kanel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa injin, ya yi komai da kansa. Ita systemd, manhajar da ke tayar da ayyukan Linux, take bi a yawancin injuna yau. Ta biyu ta shigo da Linux 2.6.17 a 2006, aikin Rafael Wysocki ne a kan tubalin swsusp, sashen dogon barci na kanel, da Pavel Machek yake kula da shi a lokacin: kanel ya buɗe ƙofa mai suna /dev/snapshot, wata manhaja ta waje ta ja ragamar aikin. Ta biyun zan bi daki-daki, domin ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni da aka ba aikin tsarin kwamfuta, ko injiniyan da ke harhaɗa injin da zai zauna a kan sola, zai koyi tsara ƙofa tsakanin kanel da manhaja a nan fiye da ko'ina. Kuskure ɗaya a wannan aiki yana iya lalata diski gaba ɗaya, saboda haka kowace shawara tana da dalilinta.

Mataki na 1: Raba aiki

Ka tambayi kanka me kanel kaɗai zai iya yi. Abu uku ne: tsayar da duk manhajoji cak, ɗaukar hoton RAM, wato cikakken kwafin abin da ke cikinta, a lokacin da babu abin da ke motsi, da mayar da hoton nan mazauninsa a kan kanel ɗin da ke gudana. Sauran duk zaɓi ne: inda za a rubuta, ko za a matse, ko za a kulle da mabuɗin sirri, me za a nuna a allo. Zaɓi ya koma hannun manhaja. Haka manhajojin uswsusp masu amfani da wannan ƙofa, wato s2disk, s2both da resume, suka sami damar matse hoto da kulle shi ba tare da an cusa waɗannan a cikin kanel ba. In ka ji kana son ƙara wa kanel umarni na huɗu, ka fara gwada ko manhaja za ta iya da ukun nan.

Mataki na 2: Ƙofa ɗaya, kuma ta zama fayil

/dev/snapshot na'urar haruffa ce mai lamba 10 da 231. Dokokin shigarta kaɗan ne, amma kowace tana toshe wani rami. Wanda ya buɗe don karatu, barci zai sa injin, hoton zai fito ta hannunsa. Wanda ya buɗe don rubutu, farkawa ya zo yi, hoton zai shiga ta hannunsa. Buɗewa don duka biyun a tare, kanel ba ya yarda. Mutum na biyu da ya zo buɗewa alhali wani yana ciki, kuskuren EBUSY, wato ana amfani da ƙofar, zai samu. Umarnin ioctl, kiran da ake aika wa ƙofar umarni da shi, kuwa sai mai ikon CAP_SYS_ADMIN, wato ikon shugaban injin.

Me ya sa fayil, ba sabon kiran tsarin aiki ba? Saboda rufewa. Ka ɗauka manhajarka ta daskarar da kowa, sannan ta faɗi. Da a ce umarnin kira ne kawai wanda aka yi aka wuce, babu mai sakin mutanen da aka daskarar, injin ya sandare ke nan sai an danne maɓallin wuta. Amma kanel yana rufe duk fayil ɗin da mataccen aiki ya bari, kuma a wannan rufewar ne Linux ya sa shara: ya zubar da hoton da ke RAM, ya mayar da shafukan da aka ara daga suwaf, wato filin diski da kanel yake ajiye rarar RAM, ya saki manhajojin da aka tsayar. A ganina wannan ita ce shawara mafi kyau a duk tsarin. Duk ƙofar da za ka zana, ka sa ta yadda mutuwar mai riƙe da ita za ta mayar da injin yadda yake.

Wani abin lura shi ne girman lambobin da umarni ke ɗauka. Wasu daga cikin umarnin farko, irin su SNAPSHOT_ATOMIC_SNAPSHOT, an bayyana su ta hanyar da ba ta daidaita tsakanin injuna masu bit 32 da masu 64, har sai da aka fito da sababbi aka yi ritayar tsofaffin. Kai ka yi amfani da lambobi masu tsayayyen faɗi tun ranar farko, ka sa su a fayil ɗaya da manhajoji za su ɗauka, kamar linux/suspend_ioctls.h.

Mataki na 3: Zana jerin halaye a takarda

Kafin ka rubuta layi ɗaya, zana da'ira huɗu: a buɗe, a daskare, hoto ya samu, an kashe wuta. Ja kibiya daga kowace zuwa wadda aka halatta, ka rubuta umarnin da ke kan kibiyar. Abin da babu kibiyarsa, kanel ya ƙi shi. A Linux, neman hoto kafin daskarewa kuskuren EPERM, wato ba a yarda ba, yake jawowa, haka neman hoto na biyu alhali na farko yana nan. Kada ka dogara da cewa marubucin manhaja zai bi tsari. Wata rana kai ne marubucin, da ƙarfe 2 na dare.

Mataki na 4: Kammala shiri kafin daskarewa

Bayan daskarewa babu tagar allo, babu mai karɓar saƙo, babu wanda zai taimake ka. Saboda haka duk abin da kake buƙata ka tanade shi yanzu: karanta fayil ɗin saiti, buɗe ɓangaren suwaf, ware wurin aiki a RAM, koma allon rubutu tsantsa, tambayi kalmar sirri in za a kulle hoton. Sannan ka kira mlockall, mai kafe manhaja a RAM, don kada kanel ya tura wani yanki na manhajarka zuwa suwaf a daidai lokacin da kake rubutu a cikinsa.

Sai ka gaya wa kanel wane suwaf ne, da SNAPSHOT_SET_SWAP_AREA. Yana karɓar lambar na'ura da nisan shafin farko na suwaf daga farkon ɓangaren diski. In suwaf ɗin ɓangare ne mai zaman kansa, nisan sifili ne. In fayil ne, sai ka nemo inda shafinsa na farko ya faɗa a diski, da umarnin filefrag -v a kan tsarin fayil na ext4. Ka kula: wannan nisan da shafi ake ƙirga shi, wato guntun da kanel yake rarraba RAM da suwaf da shi, amma adireshin da kanel zai riƙa ba ka daga baya da bayit ne. Mai haɗa biyun zai rubuta hotonsa a kan fayilolin mutane.

In kana son injin ya shiga S4 na gaskiya ta hannun ACPI, yanzu ne za ka kunna SNAPSHOT_PLATFORM_SUPPORT, tun kafin hoto.

Mataki na 5: Daskarewa da ɗaukar hoto

SNAPSHOT_FREEZE yana fara tura duk rubutun da ke jira zuwa diski, sannan ya tsayar da kowace manhaja ban da taka. In wata ta ƙi tsayawa, umarnin zai dawo da kuskure, kai kuma ka rufe ƙofa ka haƙura.

Hoton ana yin sa ne a cikin RAM ɗin kanta: kowane shafi da ake amfani da shi sai an sami shafi fanko da za a kwafe shi. Shi ya sa hoton ba ya wuce kusan rabin RAM. Kafin kwafi, kanel yana zubar da abin da zai iya sake karantowa daga diski, ya tura wasu shafuka suwaf, har ya kai girman da ka nema da SNAPSHOT_PREF_IMAGE_SIZE. In ba ka ce komai ba, kusan kashi 2 cikin 5 na RAM yake ɗauka, wato wajen gigabayit 3.2 a injin mai 8. Ƙaramin hoto yana saurin rubutuwa, amma injin zai farka da nauyin jiki, yana ta jawo kaya daga diski. Babba kuma akasin haka.

Yanzu ga wurin da ke rikita kowa:

```
int barci;
ioctl(kofa, SNAPSHOT_CREATE_IMAGE, &barci);
```

Wannan kiran sau biyu yake dawowa. Dalili kuwa, manhajarka tana cikin hoton, kuma an ɗauke ta tana tsakiyar kiran nan. Dawowa ta farko, barci yana ɗauke da 1: hoto ya samu, je ka rubuta. Dawowa ta biyu za ta zo ne bayan an kashe injin an kunna, wataƙila gobe, wataƙila bayan sati, kuma barci yana ɗauke da 0: an farka, saki mutane. Tsakanin biyun, duk abin da manhajar ta yi bayan dawowar farko ya shafe daga tunaninta, domin hoton bai san da shi ba. Kada ka ajiye wani labari a RAM bayan hoto kana sa ran ganinsa bayan farkawa. Abin da kake son ya tsallake, a diski za ka sa shi, a cikin kan hoton, wato bayanin da ake rubutawa game da hoton.

Da 1 a hannu, auna: SNAPSHOT_GET_IMAGE_SIZE ya ba ka girman hoto, SNAPSHOT_AVAIL_SWAP_SIZE ya ba ka filin da ya rage. In bai isa ba, kada ka sare. Zubar da hoton da SNAPSHOT_FREE, nemi girman sifili, wanda ke nufin mafi ƙanƙanta da zai yiwu, ka sake ɗauka sau ɗaya. In wannan ma bai shiga ba, rufe ƙofa.

Mataki na 6: Rubutu

Daga nan har kashe wuta akwai doka ɗaya da ba ta da sassauci: kada ka taɓa kowane tsarin fayil da yake ɗaure, wato wanda aka haɗa ana aiki da shi, lokacin da aka ɗauki hoto, ko da karatu ne. Kanel ɗin da ke cikin hoton yana riƙe da bayanin yadda diski yake a wannan daƙiƙar, wane gurbi ne fanko, wane ne cike. In ka rubuta layi ɗaya na rahoto a /var/log, diski ya canza, hoton bai sani ba, bayan farkawa zai ba wani fayil gurbin da ka riga ka cika. Ɓarnar ba ta fitowa a ranar. Sai bayan makonni a ga takardar wani ta koma shirme. Karatu ma yana iya jawo rubutu, tunda ana sabunta lokacin da aka duba fayil. Saƙon kuskure ya tafi allo kawai.

Karanta hoton daga ƙofa shafi-shafi, bayit 4096 a injunan x86, domin kira ɗaya ba ya ba da fiye da shafi guda. Ga kowane shafin da za ka ajiye, nemi gurbi da SNAPSHOT_ALLOC_SWAP_PAGE, ka rubuta a adireshin da aka ba ka kai tsaye a ɓangaren diski. Gurabun ba lallai su zo a jere ba, kuma hoton gigabayit 3.2 ya haura shafi 800,000, saboda haka kana buƙatar taswira. Dabarar da kanel yake amfani da ita a tasa hanyar ta isa: shafin taswira ɗaya yana ɗaukar lamba 512 masu bayit 8, 511 adireshin kaya, ta ƙarshe adireshin shafin taswira na gaba. Kan hoton ya riƙe adireshin na farko, da girman hoto, da alamar ko an matse, ko an kulle.

A nan ne matsewa take shiga. Dabarar matsewa ta LZO ba ta matsewa sosai, amma tana da sauri, kuma a tsohon diski mai juyawa rage yawan abin rubutawa ya fi komai. Lissafa lambar tantancewa, wadda za ta nuna ko bayanai sun lalace, a kan bayanan kafin matsewa, ka ajiye ta. Kanel yana duba ko fasalin hoton ya dace da kansa, amma ba ya bin kowane shafi, kuma ƙa'idar ita ce a mayar masa da abin da ya bayar daidai, adadi ɗaya, jeri ɗaya.

Jerin rubutun ƙarshe shi ne ran aikin. Kaya tukuna, sai taswira, sai kan hoto, sai ka kira fsync, mai tilasta rubutu ya sauka a diski, ka jira diski ya tabbatar. Bayan nan kaɗai za ka sa hatimi, wato alamar da ke nuna akwai cikakken hoto a suwaf. Ba a rufe bakin rumbu sai hatsi ya gama shiga. Hatimin yana bayit 10 na ƙarshen shafin farko na suwaf, inda mkswap, umarnin da ke shirya suwaf, ya rubuta SWAPSPACE2. Adana tsohon a gefe, ka rubuta naka, ka sake fsync. Kanel yana sa S1SUSPEND a nasa hoton, uswsusp kuma ULSUSPEND, don kada ɗaya ya ɗauki kayan ɗaya. In wuta ta ɗauke kafin hatimi, injin zai tashi kamar wanda aka kashe da ƙarfi: an yi asarar aikin da ke buɗe, diski kuwa lafiya. In da hatimi ka fara, zai tashi ya yi ƙoƙarin loda rabin hoto.

Sai kashewa, da SNAPSHOT_POWER_OFF in ka kunna ACPI a baya. Akwai zaɓi na biyu wanda na fi so ga injunan garin nan: bayan hatimi ka kira SNAPSHOT_S2RAM, injin ya yi gyangyaɗi da hoto a ajiye. In wuta ta dawo da wuri, ya farka cikin daƙiƙoƙi, manhajarka ta goge hatimi ta zubar da hoton. In batir ya ƙare, hoton yana diski. Abin da s2both yake yi ke nan.

Mataki na 7: Farkawa

Manhajar farkawa tana zaune a cikin initramfs, ƙaramin tsarin fayil da kanel yake fara lodawa a RAM wajen tashi, kuma dole ta gudana kafin a ɗaura kowane diski. Kada ka ce ai don karatu kawai za ka ɗaura: ext4 yana maimaita littafin ajiyarsa ko da an ce masa karatu kawai, kuma wannan rubutu ne. Haka mai injin da ke da Windows da Linux tare, in ya sa ɗaya dogon barci ya shiga ɗayan ya taɓa ɓangaren da suke tarayya, ya jawo wa kansa irin wannan ɓarna.

Duba hatimi. In babu, fita shiru, injin ya tashi yadda ya saba. In akwai, buɗe /dev/snapshot don rubutu, bi taswira, warware matsi, zuba shafukan a ƙofa bisa jerinsu, kana lissafin lambar tantancewa. In ba ta dace ba, tsaya nan.

Ko ta dace ko ba ta dace ba, mayar da SWAPSPACE2 mazauninsa ka yi fsync kafin mataki na gaba. Dalili biyu ne. Hoton da ke kashe injin wajen lodi zai riƙa kashe shi a kowace kunnawa in hatimi yana nan. Na biyu ya fi muni: in an farka lafiya, an yi aiki na kwana biyu, wuta ta ɗauke, injin zai tashi ya ga tsohon hatimi ya loda hoton shekaranjiya a kan diskin yau. Saboda irin wannan ne swapon, umarnin kunna suwaf, in ya tarar da hatimin barci a suwaf, yake goge shi.

Sannan SNAPSHOT_FREEZE, sai SNAPSHOT_ATOMIC_RESTORE. In ya yi nasara ba ya dawowa, domin kanel ɗin da ya kira shi da manhajar da ta kira shi duk an rubuta tsohon hoto a kansu. Numfashi na gaba a cikin manhajar barci yake, a layin nan na mataki na 5, da 0 a hannu. Ta rufe ƙofa, kowa ya ci gaba. In kuwa kiran ya dawo, to an ƙi hoton. A x86 kanel yana ƙin hoton da taswirar RAM ta BIOS ta canza bayan ɗaukarsa, misali in an kai injin wurin mai gyara ya ƙara masa RAM yana cikin barci.

Maganar sirri kada ta zo a ƙarshen aiki. Hoton yana ɗauke da duk abin da ke RAM, har da kalmomin sirri da mabuɗan diski. Ko dai suwaf ɗin ya zauna cikin LUKS, tsarin kulle diski da mabuɗin sirri, ko manhajarka ta kulle hoton da kanta. Suwaf mai mabuɗin da ake sabuntawa a kowace kunnawa ba ya farkawa, tunda mabuɗin ya mutu da wutar. Kuma wanda ya iya rubuta hoto ya iya maye gurbin kanel, shi ya sa tsarin kulle kanel da ya shigo da Linux 5.4 a 2019 yake hana dogon barci. A rabe-raben Linux da ke kunna shi tare da Secure Boot, tsarin da ke hana injin tashi da manhajar da ba a amince da ita ba, buɗe /dev/snapshot EPERM zai ba ka. In kuma fayil ɗin babu shi sam, duba ko an gina kanel da CONFIG_HIBERNATION_SNAPSHOT_DEV.

Mataki na 8: Gwaji

Kada ka fara a injin da kundin digirinka yake ciki. Tayar da QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, da diski biyu, ɗaya na tsari ɗaya na suwaf, ka ajiye kwafinsu.

Fara tabbatar da cewa injin kansa yana iya barci, ta /sys/power/pm_test. Matakansa freezer, devices, platform, processors, core, kowane yana zurfafawa fiye da na baya, ya jira daƙiƙa 5 ya dawo. Inda ya maƙale, nan matsalar take, kuma sau da yawa direban wata na'ura ce, ba manhajarka ba.

Bayan nan ka zama mugu. Sa manhajar ta kashe kanta bayan kowane mataki, ka ga ko injin yana dawowa hayyacinsa. Kashe QEMU a tsakiyar rubutu, da dab da hatimi, da bayan hatimi. Canza bayit ɗaya a cikin hoton da ke suwaf, ka ga ko lambar tantancewa ta kama. Cika suwaf ka ga ko yunƙuri na biyu yana aiki. Bayan kowane gwaji, gudanar da fsck, mai duba lafiyar tsarin fayil, a kan diskin tsari.

Saura lokacin da za a tayar da barcin. Auna da agogo tsawon lokacin da injin yake ɗauka daga daskarewa zuwa mutuwa. A ce diski yana rubuta megabayit 80 a daƙiƙa, hoton gigabayit 3 ba matsi zai ci kusan daƙiƙa 40, ban da lokacin rage RAM. Lambar da ke /sys/class/power_supply/BAT0/capacity ƙiyasi ce, kuma tsohon batir da ya sha zafin Yamai yana iya faɗowa daga kashi 30 zuwa sifili ba sallama, balle a lokacin da matsewa ta sa injin aiki da ƙarfinsa. Ga irin wannan, kada ka jira kashi 5. Duba fayil ɗin online na cajar a cikin /sys/class/power_supply, da zarar ya koma 0 ka ƙirga minti biyu ko uku, in wuta ba ta dawo ba ka rubuta hoto ka shiga gyangyaɗi.